Waken Yayata da Ruwan Famfon Dapaong

Da sunan Allah nake farawa, wanda ya saukar da ruwa daga sama, ya kuma ajiye wani a cikin duwatsu ƙarƙashin ƙasa, bai taɓa ce mana halinsu ɗaya ba. Mu ne muka yanke wannan hukunci da kanmu ranar da aka kawo mana famfo.

Ina da yaya mace, uwa ɗaya uba ɗaya. Ta girme ni da shekara tara, kuma ba ta taɓa barina na manta da hakan ba. A zangon Sokode aka haife mu. Ni aka sa ni karatun allo, daga baya na bi malamina zuwa Dapaong na zauna, ina koyarwa, ina kuma yi wa mutane rubutun sha idan sun nema. Ita kuwa tana can Sokode, ta kafa tukunya a bakin hanya kusa da tasha, tana dafa shinkafa da wake, wanda mutanen garin ke kira waci. Ta haura shekara talatin a kan wannan tukunya.

Abin da ta yi suna da shi guda ne, wato ba ta sa kanwa. Duk mai dafa wake ta san amfanin kanwa. A jefa ɗan gutsure, nan da nan wake ya saki jiki, sai dai zai yi duhu, ya farfashe, ya ɗauki wani wari-wari. Waken Yaya yana fitowa ne kowace ƙwaya da kamanninta, amma ka matsa ta da yatsa biyu sai ta narke. Direbobin manyan motoci da suka taso daga Blitta sukan riƙe yunwarsu har su iso gabanta. Mutane suna cewa hannu gare ta. Ta yarda da wannan magana fiye da waɗanda suke faɗinta. A wurinta mata kashi biyu ne a duniya, masu girki da masu jefa kanwa. Idan ana maganar wata mata, a ce tana da kirki, tana zumunci, ta je Makka sau biyu, sai Yaya ta saurara har a gama, sannan ta ce, "Na taɓa cin wakenta." Shi ke nan, an rufe shari'ar wannan baiwar Allah.

Da mijinta ya rasu, gwiwoyinta suka fara ba ta wahala, hawan jini ya biyo baya. 'Ya'yanta mata duk suna gidajen aure a nesa. Ɗanta namiji tilo yana da shagon kayan babur a Dapaong, ba nisa da gidana. Shi ya yi ta roƙonta ta dawo wurinsa, har ya sa ni a tsakani. Ta amince bisa sharaɗi ɗaya, da tukunyarta za ta zo, kuma za ta ci gaba da sana'a.

"Ba zan zo a naɗe ni a jingine a lungu kamar tsohuwar tabarma ba," in ji ta.

Aka yi mata rumfa a ƙofar gidan ɗan nata. Labarinta ya riga ta isowa, domin direbobi ba su iya riƙe magana. Ranar da ta fara, bayan sallar asuba na je da kwanona kamar kowa. Na tarar da mutane a tsaye, ita kuma tana gaban murhu tana buɗe tukunya tana rufewa. Rana ta fito, ta ɗaga, masu zuwa kasuwa suka gaji suka tafi. Da ta sauke daga ƙarshe, shinkafa ta riga ta zama kunu, wake kuwa yana nan yadda aka sayo shi, ya dai yi wanka da ruwan zafi.

Wani mahauci maƙwabcinmu, wanda bakinsa ya fi wuƙarsa kaifi, ya tauna loma ɗaya ya ce, "Iya, wannan waken naki da taurin kai yake. Ko bai ji labarinki ba ne?"

"Haƙoranka ne suka tsufa, ɗan nan. Ka saba da cin kitsen da ka hana mutane."

Aka yi dariya, har da ita.

Daga nan aka shiga neman mai laifi. Na farko da aka kama shi ne waken Dapaong, aka ce tsoho ne, ya kwana biyu a rumbu. Aka aika Korbongou ranar kasuwa aka sayo sabo. Shi ma ya ƙi. Aka ce ai mutanen Korbongou ba su iya shanya wake ba, aka aika Naki-Est. Na Naki-Est ya zo ya goyi bayan 'yan'uwansa. Daga ƙarshe ta sa wani direba ya ɗauko mata buhu daga Sokode, a wurin mutumin da ta shekara ashirin tana saye a hannunsa. Wannan wake da ya san ta, ta san shi, yana shiga tukunya a Dapaong ya yi kamar bai taɓa ganinta ba. Sai laifi ya koma kan itace, aka ce wutarsa ba ta da ƙarfi. Aka sayi gawayi. Aka rushe murhu aka sake ginawa. Matar ɗanta, mace mai haƙuri, ita ma an ɗan dube ta, ko tana buɗe tukunya idan Yaya ta shiga ɗaki.

Akwai wata maƙwabciyarsu, Bamoba ce, wato 'yar ƙabilar asalin yankin, tana sayar da dafaffiyar masara da gyaɗa. Katanga ce kawai tsakaninsu, gajeriya. Tun makon farko ta leƙo ta ce da Hausarta ta kasuwa, "Mama, ba wake ba ne, ruwa ne. Ruwa na nan yana da ƙarfi. Sa kanwa kaɗan, shi zai dahu."

Ina wurin. Yaya ta juya a hankali ta dube ta daga ɗankwali zuwa takalmi.

"Na gode, 'yata. Idan na tashi koyon dafa masara zan zo."

Ni ma, Allah ya gafarta mini, na yi murmushi. Har na ƙara da bayani irin na malamai. Na ce ai mun san ruwan zartsi, kakanninmu fatake sun sha shi a rijiyoyin hanya, ana jin sa a harshe tun kurɓar farko. Rijiya kowace da halinta, wannan gaskiya ne. Amma wannan famfo ne. Ruwan gwamnati ne, an tace shi, an sa masa magani, ga shi garau ba ɗanɗano. Gwamnati ɗaya, bututu iri ɗaya, takardar da ake kawowa ƙarshen wata iri ɗaya. Ta yaya famfon Sokode zai bambanta da na Dapaong? Matar ta ce to, ta koma kan masararta. Na ji daɗin yadda na warware mata matsalar.

A lokacin na kusa shekara ashirin da biyar a garin. Duk tsawon wannan zama sabulu ba ya kumfa a gidana yadda ya kamata, kuma na san dalili sarai, masu yin sabulu ne suka daina tsoron Allah. Butar shayina tana yin wani farin ɓawo a ciki, wannan ma na san dalili, ƙarfen zamani ne ba shi da albarka. Fararen rigunana suna fitowa daga wanki da wani tauri da duhu-duhu, na kuma sha yi wa mai ɗakina nasiha a kan haka cikin lumana. Mutum mai ilmi ba ya rasa amsa.

Irin wannan farin ɓawon ne ya fara bayyana a cikin tukunyar Yaya, tukunyar da ta shekara talatin tana sheƙi. Ta kankare shi da wuƙa, ta ƙulle a tsumma, ta zo gidana da la'asar tana dogara sanda. A gaban mutane Malam take ce mini. Idan mu biyu ne, ba ta ɓata lokaci.

"Kai, duba nan."

Na duba. Farin gari ne kamar an daka ƙashi.

"An taɓa ni," ta ce. "Ko an yi mini aiki, ko kuwa hannun ne ya mutu. Idan aiki ne, ka karya shi, abin da aka tura ka karatu ke nan. Idan kuma hannun ne ya mutu, to zan koma Sokode. Ɗakina yana nan. Gara in zauna inda ake tuna na taɓa iya girki, da in zauna inda mahauci ke yi mini ba'a."

"Yaya, wa zai duba ki a can? Ko randa ba kya iya cikawa."

"Wanda ya duba uwarmu."

Uwarmu Yaya ce ta duba ta, saboda haka ban gane lissafin ba. Na san halinta. Idan ta ce za ta tafi, za ta tafi, ta zauna ita kaɗai a ɗakin da rufinsa ke yoyo, da gwiwoyin da ba sa kai ta bakin famfo, da maganin hawan jinin da sai an tsaya a kanta take sha. Da yamma ɗanta ya zo ya durƙusa ya ce, "Kawu, ka yi wani abu. Idan ta koma can, gawarta za a kira mu mu ɗauko."

To, a nan sai in faɗi wata al'ada da na gada daga malamina, Allah ya haskaka kabarinsa. Ba ya wanke allo da ruwan rijiya ko na famfo. Ruwan sama kawai, shi ma ba na farkon zuba ba wanda ke wanke ƙurar rufi, sai na tsakiya. Yakan ce abin da ya sauko daga sama bai taɓa ƙasa ba, shi ya fi dacewa da ayoyi. Bai ce wajibi ba ne, ladabi ne kawai. Na riƙe wannan ladabi. Ina da manyan duro biyu a bayan ɗakina, a rufe, ba mai taɓa su sai ni. Lokacin kuwa damina ce tsakiya, suna cike har baki.

Na yi alwala, na rubuta abin da ya sawwaƙa na neman waraka da buɗi, na wanke a ƙaramin kwano, na kai mata. Ta leƙa kwanon.

"Wannan na wa? Na kaza?"

"Ki sha rabi, ki yayyafa rabi a tukunya."

"Ka san girman tukunyata? Uwarmu ta ce tun kana yaro kake da rowa, ashe har da ayoyin Allah. Ni ba yayyafi nake so ba. Da shi zan jiƙa waken, da shi zan dafa. Kada ɗigon wani ruwa ya taɓa shi."

Na yi ƙoƙarin bayyana mata cewa ba a auna albarka da bokiti. Ta ce ita ba ta yi karatu ba, amma ta san abu mai yawa ya fi kaɗan. Haka muka rabu a kan cewa kullum zan wanke allo a cikin jarka biyu cike da ruwan durona, ɗanta ya ɗauka a babur.

Washegari wake ya nuna luguf. Kowace ƙwaya da kamanninta, ka matsa ta narke. Mahaucin nan ya ci kwano biyu bai ce uffan ba, wanda a wurinsa babban yabo ne. Kafin mako ya zagayo, layi ya kai bakin kwalta. Yaya ta daina dogara sanda idan akwai mutane. Duk wanda ya yaba, sai ta ce, "An so a kashe hannun ne, Allah bai nufa ba. Ƙanena ya tsaya." Tana faɗa tana ɗaga murya daidai yadda muryar za ta tsallaka gajeriyar katanga.

Ba zan ɓoye ba, tunda na ɗauki alƙalami don faɗin gaskiya, abin ya yi mini daɗi. Shekara da shekaru ina rubutu ba wanda ya taɓa cewa komai, sai ga shi mata suna sallama a zaurena da jarkoki. Mai koko, mai tuwo, har da wata mai sayar da kifi wadda ban gane me take so ya yi laushi ba. Na lura tafiyata zuwa masallaci ta ƙara natsuwa. Idan aka ce, "Malam, mun ji labarin aikin nan," sai in sunkuyar da kai in ce ai duk na Allah ne, da irin muryar da ke nuna cewa na Allah ne amma ta hannuna ya biyo.

Damina ta wuce. Jarka biyu kullum, ga na sauran mata, duro na farko ya ƙare, na biyu ya bi shi. Na rage ɗan galan ɗaya na ɓoye saboda haɗa tawada. Na zauna na yi nazari, na ce ruwan famfo ai mai tsarki ne, ana alwala da shi, ana wanka, ladabin malamina kuwa ba farilla ba ne. Na wanke allo a jarka biyu na famfo, na aika, ban ga dalilin gaya wa kowa ba.

Kafin azahar sai ga Yaya, da sandarta.

"Me ka yi?"

"Kamar yaya?"

"Waken ya koma gidan jiya. Ayoyin dai ba su canja ba, tun kafin a haife mu suke. Hannuna ka ga ya tashi da idonka. Saura kai. Me ka yi?"

"Yaya, ban yi komai ba."

"Ka bar nafila?"

"Ban bari ba."

"Ka ci abin da ba naka ba? Ko matan nan masu jarka ne ka fara ɗaga ido?"

"Subhanallahi, Yaya, da furfurata?"

"Furfura ba ta taɓa hana kowa ba. An ce mini kana tsayawa shagon ɗana kana kallon ƙwallo."

Wannan na ƙarshe gaskiya ne, sau biyu, kuma a tsaye. Ta tafi ta bar ni da shi. Abin da zai ba mai karatu mamaki, ko ba zai ba shi ba idan ya san mu, shi ne na yarda da ita. Ko kaɗan ruwa bai faɗo mini a rai ba. Na tuna yadda nake sunkuyar da kai a hanyar masallaci, na ce lalle girman kai ne ya shige ni, Allah ya karɓe abinsa. Na yi istigfari, na kama azumin Litinin da Alhamis, na fere sabon alƙalami, na haɗa sabuwar tawada, na daina bi ta ƙofar shagon kayan babur. Istigfarin dai na san ina bukatarsa, kuma ina fata an karɓa. Amma wake bai ji komai ba. Mako uku ina gyara halina, shi yana nan a kan nasa.

Yaya ta sauke rumfa. Ta wanke tukunya ta kife, ta ɗaure ta da igiya tare da ludayi da murfi. Ta ce hannun da sai an yi masa rubutu yake aiki, rubutun ma ya gaji, ai ya mutu ke nan. Ta sa ranar tafiya, Asabar ta sama, ta kuma yi magana da direba. Ɗanta ya daina cin abinci sosai. Ni na je na yi wa'azin haƙuri, ta saurare ni tana ninke zannuwa.

Ana saura kwana biyar, famfon gidana da ya daɗe yana tsiyaya kamar hawayen munafuki ya tsaya cak. Na kira wani dattijo mai gyaran famfo da muke sahu ɗaya a masallaci. Ya yi aiki a garuruwa da yawa kafin ya zauna, Sokode, Kara, Mango, har ya ƙare a nan. Ya kwance kan famfon, ya leƙa, ya miƙo mini. Cikinsa ya toshe da farin ɓawo, ramin da ya rage bai fi na allura ba. Na san wannan farin abu. Yana nan a tsumma cikin akwatina, ina ta yi masa addu'ar karya sihiri.

"Mene ne wannan?" na tambaye shi.

"Kalker muke ce masa a wurin aiki. Dutse ne, Malam, irin na farar ƙasa, narkakke a cikin ruwa. Ba ka ganinsa, ba ka jin sa a baki, sai ya zauna."

"A ruwan famfo?"

"To daga ina kake zaton famfo ke samo ruwa? Daga ofis?" Ya ci gaba da ƙwaƙule bututun da waya. "Wani gari daga madatsa ake ja, ruwan sama ne da ya taru, wannan mai sauƙi ne. Wani wuri kuma haƙa ake yi can ƙasa, ruwan ya kwana cikin dutse ya ɗebo halinsa. Ko a gari ɗaya, unguwa da unguwa sukan bambanta. Inda na yi aiki a Sokode shekara nawa ban cire irin wannan ba. Unguwar nan taku kuwa ita ke ciyar da ni. Ba ya kashe mutum, ka sha abinka. Sabulu ne ba ya so, da buta, da wake."

Da ya ce wake sai na zauna a kan turmi.

Ya ce in kawo kwalba biyu da sabulu, da wani ruwan da ba na famfon nan ba in akwai. Na ɗauko galan ɗin ruwan saman da na ɓoye don tawada. Ya zuba wannan a kwalba ɗaya, na famfon maƙwabci a ɗaya, ya kankara sabulu daidai wa daida, ya girgiza. Ta ruwan sama ta cika da kumfa har wuya. Ɗayar ta yi fari-fari kamar tsinkakken nono, da wani datti yana yawo a sama. Ya dube ni, ya dubi duro biyu da ke kife a bayan ɗaki. Labarin jarkokina ba wanda bai sani ba a unguwar.

"Malam, da wane ruwa kake wanke allon nan da damina?"

Na gaya masa. Mutum ne mai ladabi. Ya juya baya ya yi kamar yana neman wani abu a jakar kayan aikinsa, kafaɗunsa suna rawa.

Ban je wa Yaya da baki ba, na san ba za ta saya ba. Na roƙi direban da zai ɗauke ta ya taho mini da jarka ɗaya daga famfon tsohon gidanmu na Sokode. Ranar Alhamis ta iso. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci na shiga gidan ɗanta da ƙananan tukwane biyu da wake mudu ɗaya, na raba shi biyu a gabanta. Na ce ba rubutu, ba komai, bismilla kawai. Wannan ruwan Sokode, wannan na famfon tsakar gidan nan. Ita za ta dafa da hannunta, a wuta ɗaya.

"Yau kuma bokanci ka koma?"

"Ki dai dafa, Yaya. Gobe ai tafiya za ki yi, ba abin da za ki rasa."

Ta dafa, tana mita. Ɗanta da matarsa suna zaune a gefe. Maƙwabciyar nan ta jingina da katanga tana ɓare gyaɗa, ba wanda ya gayyace ta, ba wanda ya kore ta. Can wajen la'asar Yaya ta buɗe tukunyar Sokode, ta ɗebo ƙwaya ɗaya ta matsa. Ta narke. Ta buɗe ɗayar ta matsa, ƙwayar ta kuɓuce ta faɗa cikin toka.

Na gyara murya. Na yi bayanin dutse da madatsa da sabulu, yadda dattijon ya yi mini, har da ɗan ƙari. Na ce babu wanda ya yi mata aiki, hannunta kuma lafiyarsa lau. Na ce rubutuna addu'a ce, addu'a kuma ba ta faɗuwa ƙasa, amma Allah ya sa wa kowane abu sababi, sababin laushin wake kuwa a duro yake, ba a taƙawata ba. Ina jira ta yi hamdala.

Ta dubi tukwanen. Sannan ta ce, a hankali, "Wato shekara talatin famfo ne ke dafa wake a Sokode, ni ina tsaye a kai ina karɓar gaisuwa."

Wannan ban shirya masa ba. Na zo da maganin ciwo ɗaya, ashe na buɗe wani.

"Ba haka ba ne, Yaya."

"To mene ne? Matan da na yi ta zagi a kan kanwa, wa ya san irin ruwan unguwarsu? Kai ma da kake magana, da ruwan sama ka yi suna. Gidanmu dai an iya cin yabon ruwa."

Ɗanta ya sunkuyar da kai. Sai maƙwabciyar ta yi magana daga katanga, ba ta ma daina ɓare gyaɗarta ba.

"Mama, a Sokode kai kaɗai ne yana da famfo?"

Yaya ta gyara itacen murhu.

"Mata na layi naka duka, ruwa ɗaya ne. Direba ya tsaya wurin su duka?"

"Wa ya sa bakinki?" in ji Yaya. Amma ba da ƙarfi ta faɗa ba. Ta ɗauki cokali ta ɗanɗani waken Sokode, ta tauna, ta ce gishiri ya yi kaɗan, ta ƙara. Ta zuba a kwano ta miƙa wa matar ɗanta, ta nuna katanga da haɓa. Aka kai wa maƙwabciya. Ni ba a ba ni ba.

Da Asabar ta zo direba ya yi ta hon a ƙofar gida. Yaya ta aika a ce masa gwiwarta ta tashi, sai wani mako. Wani makon ta ce ta ji labarin yana gudu da yawa a hawan dutse. Na bayansa ba ta ba da dalili ba, shi ma bai sake zuwa ba. Kayanta dai suka zauna a ɗaure a bayan ƙofa har tsawon rani, don kada wani ya ɗauka ta fasa. A tsakanin nan ta sa ɗanta ya kewaye rufin gidan da indararo, ya gina babbar ma'ajiyar ruwa ta siminti mai murfi da kwaɗo, mabuɗin yana ɗaure a bakin zanenta. Dattijo mai gyaran famfo ya ba ta shawara ta riƙa tafasa ruwan famfo ta bar shi ya kwanta, ta ce ba ta zo duniya don ta dafa ruwa ba. Kanwa kuwa ba wanda ya yi ƙarfin halin sake ambata.

Ni na tara matan jarkoki na gaya musu gaskiya, cewa rubutu zan ci gaba da yi wa mai so, a kwano, don neman albarka, amma mai son laushin girki ta tari ruwan sama. Suka saurara da ladabi. Daga baya na ji an ce Malam ya ɓoye sirrin ne saboda 'yar'uwarsa kaɗai yake so ta ci kasuwa. Yawancinsu sun koma wurin wani malami a bayan kasuwa, wanda bai san mai gyaran famfo ba.

Da ruwan farko ya sauka, Yaya ta bari ya wanke rufi. A na biyu ta buɗe ma'ajiya, ta kwance igiyar tukunya. Yau shekara huɗu ke nan tana Dapaong, tana shan maganinta, tana faɗa da kowa. Tana dafa waci daga damina har ranar da ma'ajiyar ta ƙafe, sannan ta kife tukunya ta koma suyar ƙosai, wanda niƙa ake yi, ba ruwansa da halin famfo. Mutanen gari sun ɗauka wani salo ne na manyan masu girki, har suna gaya wa baƙi cewa wakenta lokaci gare shi kamar mangwaro. Idan rani ya yi nisa mahaucin nan yakan tsaya gaban kaskonta ya ce, "Iya, yaushe za mu ga wake?"

Ba ta ko ɗaga kai daga mai. "Je ka tambayi famfonku."